Injin Lazar da Na Ɗauko Daga Yamai

Ordinatar, wato kwamfuta, ta riga injin buga takarda shigowa gidanmu da kusan shekara guda. Wata likita Baturiya ce ta sayar mini da ita da araha lokacin da za ta koma ƙasarsu, don ta san na daɗe ina buga daktilo, wato tafireta, a buro, ofishin asibitin mishan inda mai gidana yake aikin jinya, kafin rainon yara ya zaunar da ni. A lokacin mun riga mun tare a gidan da muka gina a Madawa. Mai gida yana can wurin aiki sai ƙarshen mako, ni kuwa ina gida da yara da mahaifiyarsa, wadda dukanmu muke kira Inna.

Na share ɗakin da ke bakin ƙofa, na sa tebur, na ɗora ordinatar. Kafin a jima labari ya bazu a unguwa, malaman lakwal, makarantar boko, suka fara kawo takardun neman canjin wurin aiki, masu biki da masu suna suka fara tambayar katin gayyata. Sai dai duk abin da na rubuta a cikin gilashi yake tsayawa. Dole in zuba shi a disket, in ba mai gida ya tafi da shi, ya roƙi arziki a buga masa a buro, sannan ya dawo da shi ranar Asabar. Wani mushe, haka muke kiran malamin lakwal, mai barkwanci, ya ce da ni rijiyata ta cika da ruwa, guga ne babu. Na yi dariya a gabansa, amma maganar ta zauna mini.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne wannan. Na kwashi adashe, na sayar da tumakin da nake kiwo a bayan gida, mai gida ya cika mini. An bincika mini Kwanni da Maradi ba a sami abin kirki ba, kowa ya ce sai Yamai. Ni kuwa ban taɓa zuwa Yamai ba.

Taubashina ne ya raka ni, ɗan kawuna da ke Azarori. Dangin uwata Musulmi ne, manoman gero da dawa, kuma bambancin addini bai taɓa hana mu wasan taubasai ba. Da damina yana gona, da rani yana bin kamyon, babbar motar albasa, zuwa Yamai, saboda haka ya san gari. Ya samo mini wuri a gaba kusa da direba. Tun daga Madawa har muka isa, warin albasa yana hancina, amma ko a jikina. Inna ta ƙulla mini dambu a kwano, na kasa ci don zumuɗi, taubashina ya cinye shi tas yana cewa gara ya shiga cikin mai hankali da ya lalace a hannun wadda za ta sayi ƙarfe da kuɗin tumaki.

Butikin da aka kwatanta mana yana kusa da babbar kasuwa. Mai butikin, wani dattijo mai haƙuri, ya ce abin da nake nema sunansa amfirimanti, kuma iri uku gare shi. Ya fara kunna mana mai allura. Irinsa na sani a buro, ƙara gare shi kamar ana gurza ƙarfe, harufan kuma ɗigo-ɗigo suke fita. Ban ɓata masa lokaci ba. Na biyu mai tawada ne, ƙarami, marar nauyi, ga sauƙin kuɗi. Da ya fitar da hoton fure ja da kore, wallahi zuciyata ta tafi. Na riga na fara ganin katin biki da furanni a gefe, har na kai hannu ga jakata.

Na ukun yana can a lungu, babba, fari-fari, kamar ƙaramin akwatin amarya. Dattijon ya ce wannan mai lazar ne, baƙi kaɗai yake bugawa, kuma ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Wani ofis ne ya yi amfani da shi kaɗan ya mayar. Ya danna, injin ya yi gurnani a hankali, sai ga takarda ta zamo waje shiru. Na ɗauka, na ji ta da ɗumi kamar wainar da aka sauke yanzu. Harufan kuwa sumul, kamar na cikin littafi.

Na tsaya da takardu biyu a hannu na rasa na zaɓa. Akwai kofin ruwan da aka ba mu a kan tebur. Na san mutanenmu: takarda a aljihun riga take kwana, ta sha zufa a hanyar kasuwa, ta sha yayyafi a bayan jaki. Sai na tsoma yatsa a ruwan na shafa kan furen. Nan take ja da kore suka cakuɗe suka zama dagwalo. Na shafa kan ɗayar, takardar ta jiƙe amma ko harafi ɗaya bai motsa ba.

Taubashina, wanda tun shigowarmu yake zagaya injin kamar mai taya sa a kasuwar dabbobi, sai ya dubi dattijon ya ce, "To Alhaji, wanga mi shika ci? Kuma in abincin nai ya ƙare, ina za mu samo shi?"

Ni ban ma yi wannan tunanin ba. Dattijon ya buɗe cikin injin ya zaro wani dogon abu baƙi da ya kira kartush, ya ce gari ne a ciki, baƙi, mai laushi kamar kwalli, kuma guda ɗaya yana daɗewa ƙwarai kafin ya ƙare. Ya ƙara da cewa tawadar wancan ƙaramin tana bushewa a zafi irin na ƙasarmu in an kwana biyu ba a yi aiki ba, gari kuwa ba ruwansa. Suka shirya da taubashina cewa duk lokacin da na bukaci sabo, a aiko da saƙo ta kamyon albasa. A kan ciniki kuwa na bar su su biyu. Sai da taubashina ya fita daga butikin har bakin titi aka kira shi, sannan aka daidaita.

Da za mu koma, bas muka shiga. Yaran mota suka ce kwalin injin ya hau sama tare da buhuna, na ce sam. A kan cinyata ya zauna tun daga Yamai, ƙafafuna suka mutu murus, duk ramin da motar ta faɗa sai in rungume shi. Wata tsohuwa da ke gefena ta tambaye ni ko talabijin ce, na ce a'a, injin rubutu ne. Ta dube ni da tausayi ta ce Allah ya sa a gama lafiya.

Ranar Asabar muka haɗa shi, da mai gida ya dawo. Maƙwabta sun cika ɗakin har tsakar gida. Ina danna makunnin, sai ƙwan lantarki ya dushe, firjin da nake yin ƙanƙarar sayarwa ya yi wani irin tari ya mutu, gidan duka kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Mai gida ya je wurin kanta, wato mitar wuta, ya tada ta, ya dawo yana dariya, ya ce injin lafiyarsa lau, kuran ne yake ja da yawa lokacin da yake ɗaukar zafi. Muka zare firjin muka sake gwadawa, ya tashi. Daga ranar aka kafa doka a gidan: in inji zai yi aiki, firji ya huta.

Abin da na fara bugawa addu'ar da muke yi kafin cin abinci ce, da Hausa. A zamanin daktilo, in na gama shafi sai in bi shi da biro ina ƙara wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya, don mashin ɗin Faransanci bai san su ba. Likitar nan ta bar mini harufan Hausa a cikin ordinatar, amma ban taɓa ganinsu a takarda daga hannuna ba. Da shafin ya fito, ga su nan kowanne da ƙugiyarsa, tsaf. Na yi ta juya takardar ina dariya ni kaɗai. Aka karɓe ta daga hannuna, ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, kowa yana kara ta a kumatu don ya ji ɗumin.

Aiki ya buɗe fiye da yadda na zata. Masu dawowa daga cin rani a Abijan da Legas, da yake lokacin aurensu ke nan, kowa yana son kati irin na birni. Tun da ba ni da launi, sai na sayo takardu masu kauri, shuɗi da ruwan hoda da ruwan ƙwai, ina buga baƙi a kansu, suka yi kyau har ba wanda ya tambayi fure. Na koyi halin injin kamar yadda ake koyon halin mutum. Ba ya son a cusa masa takarda mai kauri da yawa, sai ɗaya-ɗaya. Da damina takardu suna manne wa juna, sai na shanya su a ɗaki na karkaɗe kafin in zuba. In rubutu ya fara dushewa a gefe, in zaro kartush in jijjiga shi a hankali kamar mai tankaɗe, ya ƙara mini kwanaki. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin buɗe shi in ga cikinsa, atishawa ta kama ni, na fito tsakar gida fuska baƙi ƙirin. Inna, wadda ba ta cika dariya a gabana ba saboda kunyar surukai, ranar sai da ta riƙe bango.

Abin da ya fi faranta mini rai kuwa bisa kuskure ya zo. Zumuntar mata ta majami'armu ta ba ni waƙoƙi in buga don babban taron da za a yi, wanda mata za su zo daga Buza da Keita da ƙauyuka. Ina cikin gyara, hannuna ya taɓa wurin girman harufa ban lura ba, sai shafi ya fito da manyan baƙaƙe, baiti ɗaya ya cinye takarda guda. Na yi tsaki na ajiye shi a kan tabarma, na ci gaba da aikina.

Inna tana zaune a bakin ƙofa tana tsinkar zogale. Tana cikin matan farko da suka koyi karatu a wurin mishan, da littafin waƙoƙinta duk inda za ta, amma idonta ya yi rauni, ta daɗe da naɗe littafin a tsumma ta sa a ƙasan akwati. Can sai na ji murya ƙasa-ƙasa a bayana, ana haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya. Na waiga. Inna ce riƙe da takardar da na yar, yatsanta yana bin layi. Ta kai ƙarshen baitin, ta koma farko, wannan karon da waƙa.

Ta ɗago ta ce, "Ɗiyata, ashe ba karatun na manta ba. Ina gani nai sarai. Akwai saura?"

Na ce, "Akwai, Inna. Duk wadda kike so."

Na zare firji, ƙanƙarar ranar ta narke ban damu ba. Ta riƙa faɗin waƙoƙin da take so da ka, ina bugawa da manyan harufa, tana karɓar kowane shafi da hannu biyu. Har la'asar muna abu ɗaya, zogalen yana nan a faranti ba wanda ya koma kansa. Da yamma na haɗa shafukan na ɗinke su da zare da basilla, na yi musu bango da takarda mai kauri.

Washegari na je wurin matar fasto na nuna mata, na ce zan ƙara irin wannan saboda tsofaffi, ba sai an biya ni ba. Ta ce in yi da yawa, don ba Inna kaɗai ba ce. Garin kartush ya kusa ƙarewa a kan aikin, na aika wa taubashina saƙo, ya kawo sabo da kansa a kan lokaci, yana mitar cewa injin nan ya fi raƙumi ci.

Ranar taron, tsofaffin mata suka zauna a layin gaba kamar yadda aka saba. Da aka raba musu manyan littattafan, da farko juya su kawai suke yi. Sai Inna ta buɗe nata ta ɗaga murya, wata tsohuwa daga wajen Allakaye ta matso kusa da ita ta kama, sauran suka bi. Yawancinsu sun san waƙoƙin da ka, amma ba wadda ta ɗaga ido daga takarda. Ina tsaye a baya wajen masu ganga, na kasa waƙar, sai tafi kawai nake yi.

Bayan an tashi, wata mata daga Ibohaman ta biyo ni har gida. Ta ce mahaifinta ma idonsa ya yi rauni, kuma akwai wasu ayoyi da yake so ƙwarai. Na shimfiɗa mata tabarma a ɗakin bakin ƙofa, na kawo mata ruwa, na ce ta faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya.