Kwalbar Taubashina

Wata huɗu kacal taubashina ya ba ni. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana, kuma tun muna yawo ba wando babu abin da ɗayanmu zai samu ɗayan bai sa masa ido ba. In aka ɗinka masa riga sai in ƙi cin tuwo. In akuyata ta haifi biyu sai ya zo bakin turke ya tsaya yana cewa ɗayan ba zai kai Juma'a ba. Bawana nake ce masa, shi ma haka yake ce mini, kuma duk ƙauyenmu, can cikin duwatsun da ke tsakanin Buza da Karofane, an san wasan taubasai ne. Bai daina zama wasa ba sai da muka haɗu wajen neman ɗiyar sarkin noma.

Bayan babban farin nan da ya cinye shanu, lokacin soja na kan mulki, kowane saurayi ya koyi tafiya cin rani. Ni nakan gangara Najeriya in yi ga-ruwa. Shi kuwa ya samu aikin wankin zannuwan gado a asibitin mishan da ke bakin titin kwalta, gaba da Madawa. Rani biyu ya yi a can. Tsofaffi sun ji tsoron zai dawo ya bar salla. Bai bari ba, amma ya dawo da kwalba.

Farar kwalba ce mai murfin ƙarfe, irin wadda ake zubo ruwan magani a ciki. Ya naɗe ta da tsumman buhu, ya ɗaura mata igiya yana ratayawa a kafaɗa. Kullum da safe gwaggo za ta tafasa masa ruwa, ta tace da farin ƙyalle, ta bar shi ya huce, sannan ta cika masa. Tana yi tana mita, wai ita tunda take ba ta taɓa ganin an ƙona kara a kan tukunyar da ba tuwo ba kunu ba.

Mu kuwa rijiyarmu tana da nisa ga zurfi, saboda haka da zarar ruwan sama ya sauka, tabkin bayan gonaki ya cika, kowa can yake komawa. A nan mata ke ɗiba, a nan jakuna ke sha, a nan mai ciwon ƙafa ke shiga ya jiƙa ƙafarsa ya ji sanyi. Kurkunu kuma mun san shi sarai. Duk damina sai ya kwantar da wasu. Amma abin da muka taso muka ji shi ne kowa da nasa a cikin jini aka haife shi, in ya ji ƙanshin ruwan sama sai ya nemi hanyar fita.

Wata rana a gindin bagaruwar da samari ke zama na tare shi a gaban kowa.

"Bawana, ashe har yau ba a yaye ka ba? Ga ka da butali awa jinjiri."

"Kai dai yi ta dariya," in ji shi. "Kurkunu cikin ruwan tabki shike. Na gani da idona. Likita ya aza ɗigon ruwa ƙarƙashin gilashi, ga 'yan ƙwari nan suna ta tsalle. Ka sha bana, shi hito maka baɗi."

"Shekara guda cikin cikin mutum? To mi shike ci?"

Samari suka fashe da dariya. Na ji daɗin dariyar nan ƙwarai, domin gaskiyar magana ita ce kwalbar tana ci mini rai. Ni da na kwashe rani ina ɗaukar wa mutane garwa a kafaɗa, ba wanda ya taɓa tambayata komai game da ruwa. Shi daga wanke zanin gado ya dawo yana magana kamar likita, har mata na leƙowa ta kan darni su ga wucewarsa.

A daminar nan sarkin noma ya kira gayya. Ya san mu biyun muna son ɗiyarsa, kuma ya riga ya gaya wa iyayenmu cewa ba zai aurar da ita ba sai kakar baɗi, shi kuma mutum ne da ke auna saurayi a bakin kunya. Muka jeru da hauyoyinmu, makaɗa na biye da mu. Ni da taubashina kafaɗa da kafaɗa muke tafiya, ba wanda ya yarda ɗan'uwansa ya wuce shi da taki ɗaya.

Da rana ta take, 'yan mata suka iso da fura da tulunan ruwa. Ɗiyar sarkin noma da kanta ta cika ƙwarya ta nufo mu. Shi ta fara miƙa wa, tunda shi ne babba. Na ji abin har cikin haƙorana. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ta, ya ce, "Na tabki na?"

Ta ce, "To na ina za shi zama?"

"Yi haƙuri, ina da nawa." Ya taɓa kwalbarsa.

A garinmu ko maƙiyinka ya ba ka ruwa kakan kai baki ka kurɓa, balle budurwar da kake nema, a gonar ubanta, a gaban ƙawayenta. Ban tsaya wata-wata ba na karɓe ƙwaryar.

"Kawo nan. Ni ruwan hannunki ko da kwaɗo ciki sha nikai."

Na shanye tas. Na ce ta ƙaro, wannan nawa ne, yanzu saura rabon bawana. Ta ƙaro, na sake shanyewa, har da lakar da ta kwanta a gindin ƙwaryar. Cikina ya yi tim, noman yamma da kyar na ƙarasa shi, amma makaɗa ni suka yi ta wasawa har muka tashi. Ban taɓa jin daɗin wata rana kamar wannan ba.

Daga nan har rani ni ke gaba. In mun haɗu a kasuwar Karofane takan tsaya mu gaisa, shi kuwa sai ta kau da kai. Da ya dawo daga asibiti a ƙarshen rani ya kawo mata tsarabar kwalba irin tasa sak. Ƙawarta ce ta zo ta ba ni labari, tana dariya har da riƙe ciki: an zuba man gyaɗa a ciki an rataye a ɗakin innarta. Na bi gari ina ba kowa labarin, har wanda bai tambaye ni ba.

Ruwan shuka ya sauka da wuri a shekarar da ta biyo. Muka yi shuka, hatsi ya tsiro, ciyawa ta biyo shi. Ana saura 'yan kwanaki a fara noman farko na tashi da zazzaɓi da ƙaiƙayi, idon sawuna na dama yana zafi kamar an ɗora garwashi. Kwana biyu wurin ya yi ƙurji, ya fashe, sai ga farin kai ya leƙo. Inna ta duba ta ce, "Kurkunu na, ɗana." Kafin mako ya zagayo wani ya fito a gwiwar hagu.

Wanda bai yi kurkunu ba ba zai gane ba. Ba ya kisa, wulakanci yake yi. Ana kama kansa a naɗe a tsinke, kullum a ja kaɗan, in aka yi gaggawa ya tsinke a ciki ƙafa ta kumbura ta yi ruwa. Nawa na gwiwa ya tsinke, domin ni na ja shi da kaina cikin fushi, ina so in miƙe kafin gayya. Sai da wanzami ya zo ya yi mini sakiya da jan ƙarfe, maza uku na danne da ni. Ihun da na yi an ce har a bakin tabki an ji.

Ba ni kaɗai ba ne. A shekarar kusan kowane gida akwai na kwance, kuma sarkin noma kansa yana ciki, shi da manyan 'ya'yansa maza biyu. Gonar da ake zuwa kallo daga wasu garuruwa ciyawa ta fara shaƙe ta. Da ya kira gayya, waɗanda suka iya ɗaukar hauya ba su taka kara sun karya ba. Taubashina na cikinsu, ƙafafunsa sumul, ko ƙurjin sauro babu.

Ya zo gaishe ni, ba zan ce bai zo ba. Ya tsuguna ya duba ƙafar, ya wanke mini da ruwan zafi da gishiri yadda ya ga ana yi a asibiti, ya hana inna shafa kashin shanu. Bai ce mini komai game da tabki ba. Da ya yi mini gori da na samu abin zagi. Ina kwance ina kallon ƙafafunsa, wallahi har addu'a na yi a zuciyata Allah ya fito masa da ko guda ɗaya, ƙarami, a ɗan yatsa. Na san ba kyau. Na yi istigfari, da ya juya zai fita na sake duban dugadugansa ko zan ga kumburi.

Ranar gayya aka shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin rumfar ƙofar gida. Iska daga wajen gonakin take busowa, saboda haka babu bugun ganga ɗaya da ya wuce ni. Ina jin makaɗin da ya wasa ni bara yana wasa shi, da muryar nan, har wasu kalmomin ma nawa ne ya juya masa. Gayya ta watse da yamma ba a ci rabin gonar ba. Washegari taubashina ya koma shi kaɗai. Haka ya yi ta yi, safiya a gonar sarkin noma, yamma a ta ubansa, har ya gama noman farko ya shiga maimai. Duk wanda ya zo duba ni sai ya ba ni wannan labari, kamar shi ne maganin da aka ce a ba ni.

Ina dai riƙe da abu ɗaya: ita ba ta manta ƙwaryar nan ba. Uba na iya duban gona, amma a gidan sarkin noma ana tambayar ɗiya, kuma ni na san wanda ya fid da ita kunya a gaban mutane.

Wata rana da hantsi inna ta tafi kai wa babana abinci gona, ta manta ba ta ajiye mini ruwa kusa ba. Randa na can cikin gida, ni kuwa ko rarrafe ba na iyawa. Maƙogwarona ya bushe. Sai na ji sallama, na ɗaga kai, ga ta ita da ƙawarta, ƙwaryar fura a ka, za su gonar ubanta. Rabona da ita tun kafin in kwanta. Na yi sauri na ja zane na rufe ƙafar.

"Sannu da jiki. Ya ƙahwa?"

"Da sauƙi. Kwana kaɗan ya rage in tashi." Ƙarya nake yi, kuma ƙudajen da ke bin zanen sun isa shaida.

Da ta sunkuya za ta sauke ƙwaryar ne na ga igiya a kafaɗarta. Kwalbar ce. An naɗe ta da sabon tsumman buhu, an jiƙa shi don ruwan ya yi sanyi.

Na ce, "Ina man gyaɗan?"

Ba ta yi dariya ba. "Na juye shi. Baba na kwance, yayyena na kwance. Yanzu ni ka dahwa ruwan gidanmu." Ta dubi leɓɓana. "Kana jin ƙishirwa."

"Ba ni ji."

Ta kwance murfin ta miƙo mini duk da haka. Ƙawarta ta juya baya tana kallon darni.

"Karɓi. Shi yac ce in biyo in ba ka."

"Shi wa?"

Ta sunkuyar da kai, ba ta faɗi sunansa ba. A garinmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, kuma bara da bakinta take kiran sunan nan tana tsaki. Nan na san an gama.

"Yac ce rabonai na," in ji ta a hankali. "Wai ka sha, ka saba."

Na so in yi jifa da kwalbar ta fashe a kan dutse. Na riƙe ta ina juyawa, sanyin tsumman na shiga tafin hannuna. Ƙishirwa ta fi ƙarfina. Ruwan salam yake, ga warin hayaƙi, ga ɗan ƙanshin man gyaɗa da bai gama fita ba. Na shanye tas, na miƙa mata. Ta rataya abinta, ta ce za ta koma gida ta sake ciko masa, kada ya jira cikin rana.