Alhaji Almoustapha, Mai Shanun Takarda

Ranar Litinin, 13 ga watan Oktoba na 2025, da hantsi, ina tsugune a bakin sitona a Birnin Konni ina duba sabon waken da aka kawo daga Tsarnawa, sai waya ta yi ƙara. Zahara'u ce, babbar 'yar aminina Alhaji Almoustapha, dillalin shanu na kasuwar Badaguishiri. Ta ce Allah ya yi wa mahaifinta rasuwa bayan sallar asuba, bayan jinyar kwana huɗu, yana da shekara sittin da biyar. Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Na bar waken a buɗe na nufi tasha, Allah ya sa na samu jana'iza bayan azahar.

Alhaji, shekara talatin da 'yan kai muna tare, ni Tanimun mai wake, kai mai shanu. Akwai maganar da ka ɗaure bakina a kanta, ka ce kada ta fita muddin kana numfashi. Na riƙe alkawari shekara biyu, ko matata ba ta sani ba. Yau igiyar ta kwance, kuma zan faɗa da ƙarfi, domin ina alfahari da kai.

Sai dai kafin nan, ya kamata mutane su san inda hankalinka ya samo asali. Kai ɗan makiyaya ne, da yaren Tamajaq ka fara magana kafin Hausa. A shekarar 1984, shekarar babban fari, garken mahaifinka gaba ɗaya yana wuri guda, a bakin rijiya guda, hannun mutum guda. Ka sha ba ni labarin yadda kuka wayi gari kuna jan mushe, har igiyoyi suka fi shanu yawa. Saniya ɗaya ce tak ta tsira, ita ma don ba ta gida. Mahaifinka ya ba wani Bafulatani maƙwabcinku aronta, irin aron nan da Fulani ke kira habbanaye: wanda aka ba ya sha nono, ya riƙe 'yan maruƙa har haihuwa uku, sannan ya maida uwar ga mai ita. Bafulatanin ya yi kudu da ita tun kafin fari ya yi tsanani, kuma bayan shekara biyu ya dawo da ita da ƙafarsa. Daga wannan saniya gidanku ya sake tashi.

Tun daga lokacin ba ka ƙara tara abinka wuri ɗaya ba. Shanunka a hannun makiyaya uku suke, kowa da inda yake kiwo. Kana da gonar gero a tudu, kana da lambun albasa a fadama. Mu muna cewa tsoro ne ya yi maka yawa, kai kuwa sai ka yi murmushi ka gyara rawani.

Da Zahara'u ta gama karatu ta samu aiki a wani buro, wato ofis, a Yamai, ita ta zaunar da kai ta yi maka bayanin hannun jari: mutum ya sayi wani ɗan yanki na banki, in banki ya ci riba a shekara a raba da shi, yankinsa kuma yana nan. Kai da ko rana ɗaya ba ka yi a lakwal, makarantar boko, ba, nan take ka gane. Ka ce ai wannan saniyar tatsa ce, ana shan nono ba a yanka ta. Ka sayar da bijimai, ka sayi hannun jari a bankuna uku, biyu ta kasuwar hannun jari ta Abidjan, ɗaya a Najeriya. Zahara'u ta so ka zuba duka a wanda ya fi ba da riba a lokacin, ka ƙi. Ka ce ko makiyayin da shanunsa suka fi ƙiba bana, ba a san inda ciwon huhu zai sauka baɗi ba.

Ba ka shiga da ka ba. Ka zagaya malamai daga Konni har Tawa kana tambaya a kan kuɗin ruwa, ka tarar bakinsu bai zo ɗaya ba. Sai ka bi abin da zuciyarka ta natsu da shi: duk shekara kana cire wani kaso daga ribar ka ba mabuƙata, kuma ba ka yarda a yi maka godiya a kansa. Kana cewa wannan ba sadaka ba ce, wanki ne.

Ni ne na laƙaba maka Sarkin Shanun Takarda, kuma ni na yaɗa shi har ya bi ka kasuwa. A rumfar mai shayi nakan tambaye ka ko shanun sun sha ruwa, ko in aiko musu da harawa. Mutane su yi ta dariya, kai ma ka taya su. Da aka yi shekarar da ɗaya daga cikin bankunan bai raba komai ba, sai da na taso takanas daga Konni in yi maka jaje. Ka ce mini saniya takan ƙafe shekara guda, ba a kai ta mahauta saboda haka. Lokacin ina ganin kaina gwani, domin duk abin da na mallaka yana cikin wake, waken kuma hanyarsa ɗaya ce, ya tsallaka iyaka a biya ni da naira.

A daminar 2023 aka rufe iyaka. Sitona cike, motoci tsaye, ƙwari suka shiga waken suna ci ina kallo. Nairar da na ajiye ta narke a hannuna kamar man shanu a rana. Kafin sanyi ya shigo, gidan da ke ciyar da mutum goma sha huɗu ya koma ɗora tukunya sau ɗaya a wuni. Na rasa ta yi, na kira dillalin gidaje ya zo ya duba gidan mahaifina, gidan da aka yanke mini cibiya, inda kakata ta dasa darbejiyar da ke tsakar gida. Ban gaya maka ba, kunya ta hana ni. Da wane baki zan tunkari mutumin da na shekara goma ina yi wa dariya?

Har yau ban san wanda ya kai maka labari ba. Wata Laraba da la'asar, dillalin yana cikin auna zaure da taku, sai ga ka a bayan babur ɗin kabu-kabu, rawani duk ƙura. Ka gaisa da shi da mutunci, ka ce ya je ya dawo wani lokaci. Sannan ka zauna a kan tabarma ka ce:

"Tanimun, mi ya kai ka saida gidan tsohonka?"

Na ce, "Alhaji, abin ya hi ƙarhina."

"Gidan ga ba shi saiduwa. Saniyata ta Najeriya ta rame, naira ta cinye ta, amma biyu na nan da ƙibarsu. Na ba ka guda habbanaye. Nonon bana ban taɓa shi ba, ga shi. Na baɗi da na baɗin baɗaɗa duk naka na. Uwar tawa ta, in ta cika uku ka maido min abata."

Na buɗe baki in yi godiya, ka ɗaga hannu. Ka ce abu biyu kake so: kada kowa ya ji, kuma daga nono na uku in sayi maraƙi nawa na kaina. Da za ka tashi ka dube ni ka ce, "In kana da sauran harawa, ka aje ma ta." A nan ne kaɗai ka rama dariyar shekara goma, kuma na yi dariya hawaye na zuba.

Da wannan kuɗi na ciyar da iyalina har aka buɗe iyaka. Nono na biyu ya zo a farkon daminar 2024, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, na kama gona haya a Tsarnawa na shuka gero da dawa, na rage yawan waken da nake tarawa. Na uku ya zo bana, Zahara'u ta taimaka mini na sayi ɗan hannun jarina, ƙarami ne ƙwarai, amma sunana ne a kan takardar. Gidan mahaifina yana nan, jikokina suna wasa a gindin darbejiya. Na shirya ranar Alhamis, ranar kasuwarku, in zo in tsaya gabanka in ce ga saniyarka na maido. Har turmin shadda na saya maka na tukwici. Kwana uku suka rage wayar Zahara'u ta shigo.

A zaman makoki, ranar addu'ar uku, na kira ta gefe na ce mata akwai amanar mahaifinta a hannuna, a sa ta cikin gado. Ta ce, "Baba Tanimun, ya san za ka zo da maganar ga. Ya yi wasiyya gaban shaidu, kuma saniyar ba ta kai sulusin dukiyarsa ba. Ya ce kada ta dawo gida. Ya ce kai ka san zahin abin, kai za ka zaɓi wanda za a ba, in ya cika uku shi ma ya miƙa gaba."

Alhaji, na karɓa. Na riga na san ƙofar da za ta shiga, kuma ba zan faɗi sunan mai gidan ba, haka ka koya mini. Shanunka na daji da gonakinka da sauran takardunka za a raba su ga magada kamar yadda Allah ya hukunta, ka tafi ka bar su. Wadda ka ba da aro ita ce ta bi ka, kamar dai yadda ta gidan mahaifinka ta tsira don ba ta gida.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ya karɓi wannan amana a matsayin sadaka mai gudana, ladanta ya riƙa iske ka duk damina. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Hawa'u, da Zahara'u da ƙannenta, da makiyayanka uku, da dillalan kasuwar Badaguishiri baki ɗaya. Allah ya ba su haƙurin rashinka, ya albarkaci bayanka. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.