Ruwan Alwala da Ayabar Yaya Mamman

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Mamman makwancinsa, kuma bana ce shekarar farko da ba ni da ayabarsa da zan raba wa maƙwabta.

Direban babbar mota ne, amma mutanen Zongon Lome da ayabarsa ta bayan masallaci suka san shi. Ƙasarmu yashi ce, kana zuba ruwa tana shanyewa. Sai ya ja 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin shukarsa. Yakan ce, "Sau biyar a rana ake yi mini ban ruwa, ba sabulu a ciki, kuma ban roƙi kowa ba." Kashin shanu yake kwasowa daga kara, ya bar shi ya huce kafin ya zuba, ya haɗa da tokar masu ƙosai. In ya sare wadda ta yi 'ya'ya, sai ya daddatsa jikinta ya mayar gindi. Na sha ce masa, "Haba Yaya, mutum da girmansa yana yawo da buhun kashi?" Sai ya ce, "Kai dai ci, Sani."

Da hukuma ta tashe mu zuwa unguwar Agoè, ba mai bakin magana. Kowa na ta kwanon rufinsa, shi kuwa 'yan ayaba uku ya tono ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Bayan sabon masallaci ya dasa su, ya sake jan hanyar ruwansa, suka kama.

Ni na kashe su, kuma da kyakkyawar niyya. Bara na ga wurin alwalar ya zama caɓi, tsofaffi na zamewa, sai na sa aka zuba siminti, aka ja bututu zuwa kwata, don ladan aikin ya kai wa Yaya kabarinsa. Ko sau ɗaya ban leƙa bayan katanga ba. Kafin rani ya raba, ganye ya yi rawaya. Na shiga ɗibar bokiti safe da yamma, amma mai shago a kasuwa ina zai iya sau biyar? Da tsoro ya kama ni, na antaya takin zamani a busasshiyar ƙasa, ya ƙone saiwar.

Na je na sami Liman ko za a ɗan fasa simintin ta gefe ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Alhaji Sani, a fasa sadakar mamaci saboda ayaba?" Na juyo gida. Da Yaya na raye, na san ba zai yi faɗa ba. Dubana kawai zai yi, kuma wannan ya fi ciwo.

A watan jiya ta ƙarshen ta faɗi, ba ko tsiro ɗaya a gindinta. Yanzu abin da ya rage da sunansa a unguwar nan simintin ne. Masu alwala suna yi masa addu'a, suna sa mini albarka, ni kuma ina cewa amin, ina kallon ruwan yana bin kwata. Allah Ya jiƙanka, Yaya, ka yafe mini.