Injin Jirgin Ɗiyata

Zamanin mulkin soja, da kuɗin mai suka shigo gari, na sayo wa ɗiyata jirgin ƙasa na wasa mai aiki da batir. Bai daɗe ba ya ƙi motsi. Na canja batir, na goge layin dogonsa, shiru. Da zan kai wa wani mai gyaran rediyo a Ƙofar Dundaye, matata ta buɗe cikinsa ta ɗiga wa injin jan farce, wai masu gyara ba su da amana.

Mutumin ya shinshina injin, ya ce, "Malam, wannan ya ƙone, sai sabo." Na yarda ba don raina ya so ba. Da na koma karɓa, jirgin na tafiya, amma yana jan ƙafa kamar tsohon jaki. Na nemi tsohon injin, ya ce ya jefar.

Ana tsananin zafi ranar. A kan teburinsa wata 'yar fankar gwangwani tana ta juyi, tana busar masa da gumi. Na sunkuya na leƙa bayanta. Ga ɗigon jan farcen matata nan a jikin injinta.