Sunayen da Inna Ta Riƙe

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Fatu, Banufiya 'yar Bida da aure ya kawo Minna. Allah Ya jiƙanta. Na daɗe ina son yin wannan rubutu, kullum sai in ajiye biro.

Lokacin yaƙin basasa, da asibiti ya cika, an kwashe tebura daga wani tsohon ginin gwamnati na zamanin Turawa aka jera gadaje. In jirgin ƙasa ya sauke sojojin da suka ji rauni, sai a wuce da su can. Inna ke dama musu kunu, ita ke wankin bandeji. Ba ta yi karatu ba, amma duk wanda ya cika babu nasa a kusa, sai ta haddace sunansa da garinsu. Har ta tsufa, kowace Juma'a bayan la'asar takan zauna a tsakar gidanmu na Tudun Fulani ta jero su ɗaya bayan ɗaya, Musulmi da Kirista, tana roƙa musu rahama.

Ni kuwa, da ɗan bokona, kunyar Hausarta nake ji. Takan ce, "Sojan nan ta yi ta kiran uwarta har ta mutu." Sai in yi caraf in ce, "Inna, namiji ne, 'ya' ake cewa, ba 'ta' ba." Ta ce, "To, malam," ta ci gaba. Shekara da shekaru ina gefenta ina gyaran baki, sunayen na wucewa ta bayan kunnena. Wallahi abin yana ci mini rai.

Makon jiya na biya ta ginin. An shafe shi da sabon fenti, ma'aikata na ta shige da fice. Na tambayi wani jami'i ko an ajiye sunayen waɗanda suka rasu a ciki. Ya ce shi bai taɓa jin an yi asibiti a nan ba, in rubuto takarda. Sau uku ina rubuta irinta, na gaji. Da Inna na raye ba na jin za ta yi fushi da shi, don ba ta taɓa sa ran ofis zai tuna da kowa ba. A kaina ta sa rai.

Suna biyu kawai suka rage mini: Ɗanjuma mutumin Zuru, da wani Bitrus da na manta garinsu. Su nake sawa a addu'a. Sauran kuwa, waɗanda ta riƙe shekara talatin ba ta yar da ko ɗaya ba, a hannuna suka salwanta.