Jira Kashi Na Biyu

Yayana mai aski ne, amma duk wanda ya zauna a kujerarsa ya san askin gyara ne, wa'azi ake zuwa sha. Sama da tsagaggen madubinsa ya rataye wata talabijin mai shegen ƙugi, ita ce makarantarsa. Zai riƙe kunnen mutum da hagu, inji na kuka a dama, idonsa kuwa yana kan fim.

"Ka ga wannan mai cin dukiyar marayun? Bar shi ya yi dariya. Jira kashi na biyu."

Abin haushin, bai taɓa kuskure ba. A kashi na biyu ɓarin jikin azzalumi zai shanye, ɗan da ya lalace kuma zai dawo ya zube gaban ubansa yana kuka. Sai Yaya ya kashe inji, ya jawo aya ya ɗora hadisi, mai rabin aski na zaune yana jira. Da haka unguwa ta manta sunansa, kowa Na Biyu yake ce masa. Na sha gaya masa, "Yaya, masu fim ɗin nan so suke a sayi faifai na gaba." Sai ya ce, "Ke dai kin cika gardama. Su wa ya ba su basirar?"

Ɗa namiji ɗaya gare shi cikin 'yan mata, muna ce masa Dogo. Da ya gama sakandare bai samu abin yi ba, ya faɗa shan ƙwaya. Fanka ce ta fara ɓata a gida, sai dutsen gugar uwarsa, sai shi kansa ya koma kwana a tashar mota. Na yi magana har bakina ya gaji, a kai yaron nan asibiti. Yaya ya ce ba a shiga tsakiyar labari, sai mutum ya taɓa ƙasa yake tuna Allah. Ba ƙin ɗansa yake ba, wallahi. Ya yarda ne da gaske cewa ya san ƙarshen.

Wani hantsi na kai masa saƙon matarsa, ina shagon sai ga Dogo. Ya rame, suma ta cukurkuɗe, leɓe ya yi baƙi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

"Baba, ko za ka rage min sumar nan?"

Yaya ya juyo ya dube shi. Rungume shi yake son yi, na sani. Amma gwiwoyin yaron yake kallo, domin a duk fim ɗin da ya sani ɗa ne ke fara durƙusawa, sannan uba ya ɗaga shi.

"Abin da ka zo faɗa ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"To zauna. Akwai layi."

Mutum ɗaya ne a kujera, benci kuwa babu kowa. Dogo ya zauna, ya ɗan kalli talabijin, sannan ya miƙe ya ce yana zuwa. Na ce, "Yaya, bi shi mana!" Ya yi murmushi, idonsa cike da ƙwalla. "Ya fara karyewa. Zai dawo ya yi ta yadda ya kamata."

Ba a jima ba direbobi suka tsinci Dogo a cikin wata matacciyar bas, jikinsa ya riga ya yi sanyi. Da sumar nan aka wanke shi.

Yaya yana buɗe shago har yanzu, tunda baki ba ya jira. Talabijin ɗin ya lulluɓe ta da ƙyallen aski. Mutane sun koma ce masa mai aski, shi kuma ba ya cewa komai sai "sunkuya" da "ɗago". Ni da nake gardama da shi, da zan samu ya sake kayar da ni ko sau ɗaya, da na gode Allah.

Kwanan baya limaminmu ya zo aski, ina wajen. Ya so ya kwantar masa da hankali.

"Ka yi haƙuri. Ba kai ke cewa a jira kashi na biyu ba? Duniyar nan ai na ɗaya ce, na biyun yana gaban Ubangiji."

Yaya ya kashe inji. Ya daɗe yana kallon bencin.

"Shi nake tsoro, Malam. In aka tambaye ni wa ke kan layi ranar nan, me zan ce?"