Baba Manzo, Mai Bencin da Raƙumi ke Ɗauka

Kullum bayan sallar asuba, Baba Manzo kafinta zai share rairayin da iska ta tara a ƙofar shagonsa da ke bakin kasuwar Gure, ya wasa zarto, sannan ya jawo farin katako ya shafa shi kamar mai gaida tsohon aboki. Shekara arba'in ke nan.

Katakon daga kurmin kudu yake zuwa. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, sun ce itacen dogo ne sambal, ɗan'uwan gyaɗar ƙamshi, yana fitowa inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Kafintoci sun raina shi, wai ba nauyi, kuma abincin gara ne. Baba Manzo kuwa cewa yake, "Allah bai yi itacen banza ba, sai dai kafintan da bai san wurinsa ba."

Wata shekara Mushe Sha'ibu (mushe ake ce wa malamin boko a nan), mai koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta makiyaya a Alakos, ya zo masa da kuka. Ya ce, "Baba, in rugage suka tashi, lakwal ma tashi take. Bencinmu ya fi ƙarfin raƙumi. Yara a kan gwiwa suke rubutu, iyaye sun fara janye su."

Baba Manzo ya ce, "Ba ni sati biyu."

Da wannan katako mara nauyi ya ƙera bencuna marasa ƙusa, waɗanda ake warewa a ɗaure kamar itacen girki, ya shafe su da baƙin mai don gara. Raƙumi ɗaya ya ɗauki shida. Lakwal ba ta mutu ba. Zinariya, wadda yau take karɓar haihuwa a Kelle, a kan ɗayansu ta fara rubuta sunanta.

Mutanen kasuwa ba su manta ranar da wani ɗan kwangila ya so a yi rufin aji da katakon don araha ba. Baba Manzo ya ajiye guduma ya ce, "Alhaji, wannan na zama ne, ba na ɗaukar rufi ba. Ƴaƴan mutane ne a ƙarƙashi." Aikin ya kuɓuce masa, ya ci tuwonsa ba miyar nama wata guda, bai yi da-na-sani ba.

Baba, kai ne gwanin da ya san matsayin kowane itace. Kai ne ka zaunar da ƴaƴan daji suka yi karatu. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a, ga abin koyi: ku san kayan aikinku, ku ji tsoron Allah a kansa.

Bana ido ya yi rauni, ya rataye zarto. Amma jiya na ji yana ce wa wata tsohuwa, "Iya, kawo kujerar nan taki mai rawa. Ido ya tafi, amma hannu ya san inda ciwon yake."